Kafin Ku Ɗauki Hayar Mota: Shawarwari 13 Ga Iyalan Gabi Da Kewaye

A Gabi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, gidajen da ke da mota ba su da yawa, amma babu gidan da buƙatar mota ba ta taso masa. Yau kai amarya, gobe kai mara lafiya asibitin Madarunfa ko na Maraɗi, jibi tarbo alhazai ko ɗan gida da ya dawo daga ci-rani. A irin waɗannan ranaku ne ake shan wahalar da kowa ya sani: direban da ya yi alkawarin bayan asuba ba ya isowa sai hantsi ya dubi ludayi, motar da aka nuna jiya ba ita ke zuwa yau ba, kuɗin da aka yanke kuma su ƙaru a tsakiyar hanya.

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. A manyan filayen jirgin sama na duniya, matafiyi kan sauka a gajiye ya tarar da dogon layi a gaban teburin kamfanin hayar motoci, ya kai gaba a ce masa motar da ya biya tun daga gida ba ta dawo ba tukuna. Tushen abin ɗaya ne can da nan. Mai mota ba ya son ta kwana ba aiki, don haka yakan yi alkawari fiye da abin da zai iya cikawa. Wanda ya zo a matse kuwa ba shi da bakin ciniki. Maganin shi ne a gama magana tun kafin ranar buƙata, a sa lokaci cikin ciniki kamar yadda ake sa kuɗi, a kuma riƙe wani abu a hannu har sai aiki ya kammala.

1. Ku fara sanin irin hayar da kuke buƙata.

Hanya uku ce. Akwai biyan kuɗin kujera a tasha, akwai shata, wato ɗaukar mota da direbanta ɗungurungum, akwai kuma hayar mota ba direba, wadda sai a manyan birane ake samu. Motar tasha ba ta san agogo ba, cika take jira. Direba ya daɗe yana bin layi kafin lodi ya zo kansa, ba zai tashi da kujera biyar babu kowa ba don wani yana sauri. Fushi da shi ɓata baki ne. In ku shida ne ko bakwai kuma saura kujera biyu ko uku mota ta cika, ku lissafa: sau da yawa biyan kuɗin kujerun da suka rage ya fi shata araha, kuma nan take za a tashi. In kuwa da mara lafiya, ko tsoho, ko jirgin da za a tara, to kada a yi wasa da layin tasha, a ɗauki shata.

2. Ku duba kalanda kafin ku sa rana.

Akwai ranakun da mota ke tsada ko da wa ka sani. Litinin da Juma'a kasuwar Maraɗi ke ci, Lahadi ta Jibiya, kuma direbobi da yawa sun riga sun yi alkawari da ƴan kasuwar da suke ɗauka kowane mako. Haka jajibirin Sallah ƙarama da babba, da lokacin Maulidi, da makonnin dawowar alhazai, da bayan kaka lokacin da bukukuwan aure ke cunkushewa. Duk tafiyar da aka san ranarta, a nemi mota da mako guda a ƙalla. Na biki kuwa, ranar da aka sa rana a ranar ya kamata a wakilta mutum ɗaya kan maganar motoci.

3. Ku yi magana da wanda zai riƙe sitiyari.

Ɗan kamasho yana da amfaninsa, shi ya san motar da ke nan da wadda ta tafi. Amma shi ladansa yake nema, kuma ba shi zai zo ƙofar gidanku ba. Ya haɗa ku da direba, ku ba shi na goro, sannan ciniki ya kasance tsakaninku da direban ido da ido. Ku tambaya ko motar tasa ce ko ta maigidansa. In ta maigida ce, ku nemi jin ta bakinsa, domin shi ke iya karkatar da motar zuwa wani aiki da safiyar ranarku. Direban da ke da rajista a tasha, wanda shugabannin sandika, wato ƙungiyar direbobi, suka sani, ya fi wanda aka tsinta a bakin titi, ko da ya ɗan fi tsada. Ku rubuta lambar motar, da lambar wayar direba biyu in yana da su, saboda a yankinmu na bakin iyaka layi ɗaya kan ɗauke ba zato.

4. Ku ga motar da idonku.

Zuwa da kai ya fi aike. A tura wanda ya ɗan san mota ya duba tayoyi huɗu da safaya, da jak, da fitilu, da birki. A tada injin a ji ƙararsa, a leƙa ƙasa ko mai ko ruwa na ɗiga. A ga takardu: ta mallakar mota, ta inshora, ta binciken lafiyar mota, da parmin direba, a kuma duba ko kwanakinsu ba su ƙare ba. Motar da takardunta ba su cika ba, ku za ku biya da lokacinku a kowane shingen jandarma. A ɗauki hotonta da waya har da lambarta, a kuma faɗa wa direba cewa wannan aka yi ciniki, ba ƙanwarta ba.

5. Ku warware ciniki dalla-dalla.

Yawancin rigimar hanya daga abin da ba a faɗa ba take tasowa. Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa haya ba ta inganta sai an san lada an kuma san aikin da za a yi, don haka yawan tambaya ba rowa ba ce. Ku tabbatar da waɗannan: zuwa kawai ne ko zuwa da dawowa, wa zai sayi mai, wa zai biya kuɗin shingen hanya, mutum nawa da kaya nawa, in an kwana, wa zai ɗauki nauyin abinci da makwancin direba, in mota ta lalace, shi zai nemo wata ko za a rage kuɗi. Ku faɗa ƙarara cewa ba a yarda ya ɗauki fasinja ko buhunan wani a hanya ba, domin wannan ke mai da tafiyar awa ɗaya ta zama ta awa uku.

Ku kuma ambaci irin kuɗin. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 hawa da sauka take yi. Cinikin da aka yi da naira yau za a biya bayan mako biyu, ɗayanku zai ga an cuce shi. Ku tsayar: jika kaza na sefa, ko naira kaza, ba canji.

6. Ku sa lokaci cikin ciniki.

Wannan ita ce shawarar da ta fi sauran muhimmanci, kuma ita aka fi bari. Muna cinikin kuɗi har mu yi gumi, amma in aka zo kan lokaci sai mu ce da safe in Allah ya kai mu. Safiya tana da faɗi. Ga mai gida ƙarfe shida ce, ga direban da ya samu wani ɗan aiki a Maraɗi ƙarfe goma ce, kuma kowa na ganin bai saɓa ba. A faɗi ƙarfe, a faɗi wuri, a faɗi abin da zai biyo baya in an makara. Misali mai gida ya ce:

"Malam direba, likita ya ba mu ƙarfe tara a Maraɗi. Ina son ka tsaya ƙofar gida ƙarfe shida da rabi. In bakwai da rabi ta yi ban gan ka ba, zan nemi wata motar, ka mayar mini da abin da na ba ka. Ka yarda?"

In ya ce, "Na yarda, Alhaji," a gaban shaida, magana ta zauna. Amma sharaɗin ya hau kanku ku ma. In mota ta iso kan lokaci aka bar direba yana jiran a gama kwalliyar amarya har azahar, yana da haƙƙin kuɗin jira. A yanke shi tun farko, awa kaza kyauta, abin da ya haura a biya. Daren tafiya a kira shi a tuna masa, da asuba a sake kira a ji inda yake.

7. Kada ku biya duka tun mota ba ta zo ba.

Kafin alƙalami wajibi ne, domin shi ma direba yana tsoron ya ƙi wani aiki saboda ku sannan ku fasa. Amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. A ce an yi ciniki jika talatin: goma ranar ciniki, goma in mota ta iso don ya sha mai, goma in an sauka lafiya. Wanda ya karɓi kuɗinsa duka ba shi da sauran abin da zai sa ya yi sauri. In ta Nita ko Al Izza ko Amana aka aika, a adana takardar shaida. In hannu da hannu ne, a yi gaban mutum biyu. Wanda bai iya rubutu ba ya sa direba ya maimaita sharuɗɗan a saƙon murya na WhatsApp, a ajiye. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, don haka ba abin kunya ba ne ko tsakanin ƴan uwa.

8. Ku gama maganar mai tun daren tafiya.

Shekaru da dama yankin Maraɗi ya dogara da man da ke shigowa daga Najeriya saboda araharsa. Da aka cire tallafin mai a can ranar 29 ga Mayun 2023, farashin ya tashi, jama'a suka koma gidajen mai masu sayar da na matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011. A watan Maris na 2025 an ga yadda ƙarancin mai ya jawo dogayen layuka a biranen Nijar. Darasin shi ne kada a bari sai an ɗauki fasinja sannan a tafi neman mai. In ku ke sayen man, ku ba da kuɗin da yamma, direba ya kwana da tankinsa cike. In dole ta sa a saya wurin ƴan ruwa-ruwa, ya saya wurin wanda ya saba da shi, kuma kada a yarda a ɗora jarkar fetur cikin motar da ke ɗauke da mata da yara.

9. Ku tsara tafiya da rana, ku lura da damina.

Kowa ya san halin da karkarar Madarunfa da Gidan Rumji suka shiga saboda ɓarayin daji masu satar shanu da garkuwa da mutane, musamman wuraren da ke kusa da dajin Baban Rafi da bakin iyaka. Jinkirin direba a nan ba ɓata lokaci kaɗai ba ne, yana iya sa dare ya riske ku a inda bai kamata ba. Ku lissafa tafiya ta yadda za a iso gida kafin la'asar sakaliya. In an makara, a kwana Maraɗi ko Madarunfa wurin dangi. Kada a yi shelar ranar dawowar alhaji ko ɗan ci-rani da irin kayan da ya kawo, kuma kada a sa hotunan tafiya a Facebook sai an iso.

Daga Yuli zuwa Satumba gulabe da ƙoramu kan kawo ruwa, hanyoyin da ba kwalta su lalace. A damina ta 2024 jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna. Ku tambayi wanda ya biyo hanyar a ranar, ku kuma shirya amalanke ko kabu-kabu da zai fitar da ku bakin titi in mota ba za ta iya shigowa ba. Direban da ya ce ba zai tsallaka ruwa ba, kada a zuga shi.

10. In za a ƙetara iyaka, mota biyu ta fi ɗaya.

Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina hanyarmu ce ta yau da kullum, amma ba a rantsuwa da ita. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. Duk irin wannan sauyi yana shafar takardun da ake nema daga mota da fasinja. Kafin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya fara ɗaukar mutane, mafi sauƙi shi ne motar Nijar ta sauke ku a iyaka, ta Najeriya da kuka riga kuka yi magana da ita ta ɗauke ku daga can. Kowane direba ya san jami'an ɓangarensa. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo da katin rigakafi, yara kuma da takardar haihuwa.

11. Tarbar matafiyi daga filin jirgi.

Mutanenmu galibi a filin jirgin Diori Hamani na Yamai suke sauka, wasu a na Malam Aminu Kano. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 650, ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Madawa, tafiyar yini guda cur. Ɗaukar shata daga gida a je a zauna jiran jirgin da zai iya makara da kwana ɗaya ko biyu, musamman na alhazai, asarar kuɗi ce. Abin da ya fi, mutum ɗaya ya tarbe shi a Yamai, su kwana, su biyo babbar bas ta kamfani mai tashi kan lokaci, shata kuma ta jira su a Maraɗi. Kada mota ta tashi daga Gabi sai matafiyin ya kira ya ce sun wuce Madawa. Shi kuma wanda ya sauka, kada ya miƙa jakarsa ga duk wanda ya tare shi a ƙofar fita, ya yanke kuɗin tasi kafin ya shiga.

12. Ga wanda zai ɗauki mota a teburin filin jirgi a ƙasar waje.

Ɗalibanmu da ƴan kasuwa da masu zuwa Umra kan gamu da wannan a Jidda, Dubai, Kasabalanka ko Faris. Sana'ar ta daɗe, tun 1946 kamfanin Avis ya fara ba da hayar mota a wani filin jirgi kusa da Ditiroyit a Amurka. Ga yadda take aiki. Kamfani ba mota takamaimai yake ajiye maka ba, rukunin mota yake alkawari, kuma yakan karɓi masu nema fiye da motocin da ke ƙasa bisa tsammanin wasu ba za su zo ba. In jirage uku suka sauka lokaci guda, ma'aikata biyu ke fama da mutum hamsin, kowane kuma sai an duba takardunsa an yi masa tallan ƙarin inshora. A lokacin korona kamfanonin sun sayar da motoci masu yawa, har kamfanin Hertz ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Mayun 2020, shi ya sa da tafiye-tafiye suka dawo a 2021 aka yi ƙarancin mota da tsada.

Saboda haka a yi rajista ta intanet tun daga gida, a sa lambar jirgi don kada a ba wani motar in an makara. A tanadi fasfo, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da katin banki mai sunan wanda zai tuƙa, domin a kansa ake riƙe kuɗin jingina, kuma da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi. In ku biyu ne, ɗaya ya jira kaya, ɗaya ya wuce layi. A karanta takarda kafin a sa hannu, duk ƙarin da ba a nema ba a ce a cire. A zagaya motar da bidiyon waya kafin a tashi da kuma lokacin mayarwa, a mayar da tanki yadda aka karɓa. Yininsu awa 24 ne daga lokacin karɓa, jinkirin awa ɗaya na iya zama kuɗin yini guda. Mai zuwa Umra kuwa ya tuna akwai jirgin ƙasan Haramaini da ke haɗa Makka, Jidda da Madina tun 2018, wanda zai iya hutar da shi hayar mota ɗungum.

13. In an saɓa muku, ku bi haƙƙinku ta hanyar da za a samu.

Zagi a bakin titi ba ya dawo da ko dala. Ku fara isa inda za ku, sannan ku koma kan magana. A je wurin shugaban tasha ko na sandika da shaida, da lambar mota, da saƙon muryar da aka ajiye, a faɗi abu ɗaya da ake nema: a mayar da kafin alƙalami, ko a rage kaza. Direba na jin tsoron a hana shi lodi fiye da yadda yake jin tsoron hayaniya. In abin ya fi ƙarfin tasha, akwai mai gari, akwai jandarma. A teburin kamfani kuma a nemi ganin shugaban ma'aikata cikin ladabi, a karɓi komai a rubuce, a tura ƙorafi da hotuna tun abin bai huce ba.

Haka nan in kun dace da direba mai cika alkawari, ku riƙe shi da kyau. Ku biya shi ba ja-in-ja, ku ba shi abinci in an yi doguwar tafiya, ku faɗa wa maƙwabta sunansa. Kowace unguwa ta tanadi lambobin direbobi uku irin wannan, a rubuta a ajiye wurin mai unguwa ko liman, mata kuma su ware ɗan wani abu daga adashi don kuɗin motar gaggawa. A tambayi ma'aikatan likitar gari tun yanzu yadda ake kiran motar asibiti da abin da ake biya. Naƙuda da saran maciji ba sa ba da sanarwa, kuma direban da kuka yi wa adalci da rana shi ne zai ɗaga wayarku da tsakar dare.